Hoton Mutum Bakwai

Sai da muka yi wata huɗu da aure kafin na san abin da ke cikin akwatin. Na ƙarfe ne, kore, irin wanda alhazan Sudan ke zuwa da shi, yana ƙarƙashin gado a ɗakinmu a unguwar Harra ta Yamma, da ɗan kwado a jikinsa. Na ɗauka takardu ne, don maigidana ba ɗan ƙasa ba ne. Ni a Madina aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina, kakanmu ne ya taho da ƙafa daga ƙasar Hausa. Maigidana kuwa daga wani ƙauyen Hausawa ya fito a bakin kogin Nilu. Ya zo aikin hajji ya zauna, ya sami aikin tuƙin mota a wata gonar dabino a Awali, a gefen gari, mai gonar ya tsaya masa a matsayin kafili, mai ɗaukar nauyin zamansa a ƙasar.

Mutum ne dogo, baƙi, ba shi da yawan magana. Akwai tabo a leɓensa na sama, haƙoransa na gaba huɗu babu, shi ya sa in zai yi dariya sai ya kai hannu ya rufe baki. Yayana bai so auren ba. Ya ce ina dalilin ba wa baƙo mace, mutumin da zamansa a gari ke rataye da sa hannun wani? Mahaifiyata ce ta ce ita ta ga yadda yake gaida tsofaffi, wannan ya ishe ta. A farkon shekarun saba'in ne na lissafin Turawa, ina da shekara ashirin da uku.

Wata Juma'a, bayan mun ci abincin rana, ya jawo akwatin tsakiyar ɗaki, ya wanke hannu da sabulu, ya goge sosai, sannan ya buɗe. Hotuna ne a ciki, an jera su a tsaye, an rarraba su da guntayen kwali. Baƙaƙen mutane cikin kwat, wasu sun kumbura kumatu suna busa, wasu sun runtse ido kamar masu jin ciwo. A gefe akwai kwalayen faifan garmaho, yawancinsu babu faifan a ciki, da takardun talla a ninke, da tsoffin tikitocin shiga gidan rawa, da wani abu a ƙulle cikin hankici.

Na ce, "Su wane ne waɗannan? Danginka ne?"

Ya rufe baki ya yi dariya. "Makaɗa ne, Hajiya. Yawancinsu 'yan Amirka. Jaz ake ce wa kiɗan nasu."

"To kai me ya haɗa ka da su?"

Sai ya kwance hankicin. Wani ɗan ƙarfe ne kamar ƙaramin mazurari, ya dushe saboda riƙo. Ya ce, "Wannan bakin ƙaho ne. Shekara tara ina cin abinci da shi."

A ranar na ji abin da bai gaya wa Yaya ba lokacin neman aure. Yana yaro ya gudu daga noman auduga ya shiga Hartum, ya koyi busa ƙahon tagulla a wajen wani tsohon soja. Daga baya suka haɗu su bakwai suna kiɗa a lambun wani otal, suna kwaikwayon faya-fayan da ke zuwa daga waje, suna cuɗa su da kiɗan gida. Wata rana suna dawowa daga wasa a wani gari, motar da ta ɗauko su ta kife. Kowa ya fita da ƙujewa, shi kuwa bakinsa ya bugu da ƙarfe. Da ya warke ya ɗauki ƙaho, sai iska kawai ke fita. Wata shida yana gwadawa. Ya sayar da ƙahon ya riƙe bakin, ya bi alhazai ya ƙetaro teku.

Na tambaye shi ko yana da garmahon da yake sa faya-fayan. Ya ce a'a. Tun da ya shigo garin Manzo ya ɗaukar wa kansa ba zai kunna su ba. "Sautin yana nan," ya nuna kansa. "Fuskokin ne nake mantawa."

Ban ji daɗin abin ba, kuma ban ɓoye masa ba. Na tashi a gidan da ko kalanda mai hoton mutum ba a ratayawa. Ga shi yanzu ina kwana a kan ɗaruruwan fuskokin mutanen da ban san addininsu ba. Na ce ya kai akwatin gona ya ajiye a can. Ya ce gara za ta cinye. Muka tsaya a kan cewa ba zai rataye ko ɗaya a bango ba, kuma ba zai buɗe ba in akwai baƙi.

A Madina ba a samun irin waɗannan kaya. Amma aikinsa yana kai shi Jidda da lodin dabino, sau biyu ko uku a wata. In ya sauke kaya sai ya wuce haraj, kasuwar tsoffin kaya, inda ake zubar da komatsan Turawan kamfani da suka gama aiki suka koma gida. Yakan tsuguna a rana yana tonon kwalaye. Ya san wani ma'aikacin jirgin ruwa da ke kawo masa mujallun Masar da na Bairut, shi kuma ya ba shi dabino mai kyau. Akwai kuma wani mutum a Alƙahira da ba su taɓa haɗuwa ba, suna musaya ta gidan waya: in wannan yana da hoto biyu iri ɗaya sai ya aika wa wancan ɗaya. In ya dawo daga tafiya, daga yadda ya yi sallama nake gane ko ya samo wani abu. Zai miƙa wa yara alawa, ya ba ni kifin da ya sayo, sannan ya zaro ambulan daga cikin rigarsa, duk ta jiƙe da gumi a gefe.

Yakan zauna da almakashi ya gyara gefen hoto, ya juya bayansa ya rubuta da fensir, da ƙananan haruffan Larabci, sunan mutumin da abin da yake kaɗawa da inda ya samo hoton. Ni ina kan keken ɗinki ina harararsa. Na taɓa ce masa, "Da ka san ranar haihuwar 'ya'yanka kamar yadda ka san ta waɗannan, da mun huta." Ya faɗi ta yarinyar daidai, ya kuskure ta yaron da kwana biyu.

Sau ɗaya Yaya ya shigo ba zato ya tarar da akwatin a buɗe. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya ƙi zama. Ya ce da ni, ba da shi ba, "Ƙanwata, kin san hukuncin ajiye wannan a gida. A gidan nan kike salla." Maigida ya tattara kayansa a hankali ya rufe. Yaya ya yi wata uku bai tako gidanmu ba. Na yi kuka a kan wannan, na kuma ɗora wa maigida laifi, na yi kwanaki ina ajiye masa abinci ba tare da na zauna kusa ba.

A cikin wannan fushin ne ya gaya mini abin da yake nema da gaske. Mako ɗaya kafin motar ta kife, wani mai ɗaukar hoto ya zo lambun otal ɗin ya ɗauke su su bakwai, kowa da abin kiɗansa. Lokacin da aka wanko hoton yana kwance a asibiti, daga baya kuma bai iya komawa wajen ba saboda kunya. Bai taɓa ganinsa ba. Ya ce, "A ciki ina da haƙorana. Ina so yaran nan su ga bakin ubansu." Duk shekara in alhazan Sudan za su koma, sai ya ba su wasiƙu zuwa ga abokan nan shida. Biyu sun rasu, ɗaya ya tafi Habasha ba labari, sauran ba sa amsawa. Mai gangunansu ne kaɗai yakan rubuto jefi-jefi, ya ce yana nan yana cigiya.

Shekara goma da aurenmu ciwon sukari ya taɓa masa ido. Da farko cewa yake fitilun mota suna yi masa bakan gizo. Daga nan ya fara kai takarda har hanci. Wata rana ya goga motar gona a jikin katanga, ya dawo gida da ƙafa tun kafin azahar, ya ajiye makullin a kan keken ɗinkina ya ce in aika a mayar. Mun yi zaryar asibiti, an yi masa aiki a ido ɗaya, bai yi ba. Cikin shekara biyu sai dai ya bambance rana da inuwa. Mai gonar, Allah ya saka masa, bai cire sunansa daga takardunsa ba, kuma duk kaka yana aiko mana da dabino. Ni kuwa na ƙara ɗinki, kayan yara da na amare, da shi muka ci.

Ya kusa shekara bai ambaci akwatin ba. Yana zama a tabarma a tsakar gida, bayansa a bango, yana ƙwanƙwasa yatsu uku a gwiwa, sama da ƙasa, kamar yana danna wani abu. Wata la'asar ya ce, "Hajiya, in ba ki da aiki, jawo mini kayan nan."

Na jawo. Ya sa na kawo ruwa ya wanke hannu, ya ce ni ma in wanke. Ya lalubi kwali na uku, ya ƙirga da yatsa, ya zaro ɗaya ya miƙo mini.

"Me kika gani?"

"Mutum ne da ƙaho."

"Wannan ai kowa ma. Duba da kyau. Ina ya sa gwiwar hannunsa? Idonsa a buɗe yake?"

Na duba. A karo na farko na duba da gaske. Na ce gwiwar hannunsa a manne take da haƙarƙari, idonsa a rufe, akwai gumi a goshinsa, kuma wuyan rigarsa ya yi masa yawa kamar aro ya yi.

Sai ya ce, "Wuyan rigar ban taɓa lura ba."

Daga nan abin ya zama namu. Kusan kullum tsakanin la'asar da magariba, in na ɗaga ƙafa daga keke, sai mu ɗauki biyar ko shida. Sunayensu ba sa zama a bakina, sai na raɗa musu nawa: mai kumatu, mai zobe a ɗan yatsa, tsohon da ke rungume da ƙaton goge kamar zai faɗa masa, matar da ta riƙe ƙarfen magana da hannu biyu. Idon maɗinkiya gare ni, ina ganin inda aka yi wa kwat ƙari, da maɓallin da bai dace da 'yan uwansa ba, da takalmin da ya tsage aka shafe shi da baƙi. Shi kuma ya gaya mini yadda kowane yake busa. Wannan kamar yana rarrashi, wancan kamar yana faɗa da wani. Wani lokaci ya yi mini sautin da hanci, a hankali yadda maƙwabta ba za su ji ba. Yawancinsu, in ji shi, ba su yi tsawon rai ba. Na fara jin tausayinsu. Ban sani ba ko daidai ne, amma har na riƙa jin ba daɗi in na ga an ɗauki wani yana dariya alhali na san yadda ya ƙare.

Ban taɓa shaƙuwa da mijina kamar a waɗannan watannin ba. Ina faɗin haka da nauyi, don sai da ya rasa ido muka samu.

Bayan wani hajji, wata tsohuwa 'yar Sudan ta yi ta tambayar gidanmu har ta same shi. Ta zo da hantsi, yara suna makaranta. Ta ce wani mutum a Omdurman ya ba ta saƙo, ya ce ta saka a hannun mai shi. Ambulan ce mai kauri, an ɗaure ta da zare. Na ba ta shayi, ta sha ta tafi. Maigida ya riƙe ambulan ɗin, ya miƙo mini. Ya ce in buɗe.

Akwai 'yar takarda daga mai ganguna. Layi huɗu ne: gaisuwa, sannan ya ce ya tsinci wannan a kayan wani daga cikinsu da ya rasu, idonsa shi ma ya yi rauni, yana fata shi ne. Sai hoton, an manna shi a kwali, gefensa ya yi ja.

Mutum bakwai ne a tsaye a gaban bishiyoyi, da fararen kwat. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na sake bi daga ɗaya gefen. Na san kunnen mijina, na san goshinsa da tsayinsa, ko da haƙora ko babu. Mai riƙe da ƙahon wani gajere ne, kakkaura, mai hasken fata. Mijina ba ya ciki.

"Hajiya, kin yi shiru."

Ya juyo da fuska wajena, bakinsa a ɗan buɗe, ya ma manta bai rufe shi da hannu ba. Shekara fiye da ashirin yana jiran wannan ambulan. Ban yi shawara da zuciyata ba, maganar ce kawai ta fita.

Na ce, "Ga ka nan."

"Alhamdu lillahi. A ina nake?"

"Daga hagu, na biyu."

"Ina dariya?"

"Kana dariya. Haƙoranka farare tas."

Ya sauke numfashi. Ya ce in ci gaba. Na siffanta masa sauran da gaskiya, mai gangunan da siririn gashin baki, mai fiyano da tabarau, yana ta gyaɗa kai yana kiran sunayensu. Sai ya ce, "Babbar gangar fa, ta ƙasa?"

Na ce tana nan a tsakiya, an yi mata rubutu da farin fenti, an zana bishiyar dabino a ƙarƙashin rubutun.

Ya miƙo hannu na ba shi hoton. Ya shafa shi da babban yatsa daga wannan gefe zuwa wancan, ya daɗe. Sannan ya ce, "Saka shi a baya, bayan kwali na ƙarshe." Na ce ba za a nuna wa yara ba? Na faɗa ne ina tsoro, don na san yarinyar za ta gane. Ya ce a bari tukuna.

Kwana uku ba mu buɗe akwatin ba. A na huɗu, ina tsince shinkafa a kusa da shi, ya ce, "Hajiya, gangarmu ba ta da rubutu. Bayan na tafi suka sayi mai rubutun. Mai gangunan da kansa ya rubuto mini, tun ina sabon zuwa garin nan."

Na ajiye tiren shinkafar. Na ce, "Maigida, ka yafe mini. Na ga yadda ka..."

"Na san dalilinki. Ma'alesh, ba komai. Amma ke ce idona. Ba ni da wani."

Bai ɗaga murya ba, bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Abin da ya biyo baya ƙanana ne. In na ce masa rigar nan wankakkiya ce, sai na ga ya kai ta hanci. In na ce likita ya ce jikin da sauƙi, sai ya jira yarinyar ta dawo daga makaranta ya ce ta karanta masa takardar. Wata rana na ce hadari ya haɗo ta wajen Uhudu, ya ce, "Da gaske?" Ba da gatse ya faɗa ba, tambaya ce kawai, shi ya sa ta fi ciwo. Na shiga ɗaki na zauna a gaban keke, na kasa zura zare a allura.

Akwatin ya yi wata bakwai a rufe. La'asar ta koma yadda take da, shi a jikin bango, ni a kan keke. Na sha cewa, "In jawo kayan?" Sai ya ce, "Bari dai, kina da aiki."

Da ciwon ya sauka ƙafarsa, ya daina fita ko masallaci, sai wata rana ya kira yarinyar, lokacin tana da shekara goma sha uku, ya ce ta jawo akwatin ta duba masa. Ina jin su daga madafa. Yaranmu suna jin Hausa sarai, amma da Larabci suke amsawa. Ya miƙa mata hoto ya ce me ta gani. Ta ce da Larabci, "Baƙin mutum ne, Baba." Ya ba ta wani. Ta ce, "Wannan ma baƙin mutum ne, amma ya fi ƙiba." Na ji ya yi dariya har da tari. Sannan ya ce, "Je ki, Allah ya yi miki albarka. Kira mini Umminki."

Na zo na zauna, na wanke hannu ba tare da ya ce ba. Ya miƙo mini tsohon nan mai ƙaton goge. Na faɗi duk abin da ke ciki, har tabon ruwan da ya ɓata kusurwar hoton, har inda ban gane ba na ce ban gane ba. Ya saurara. Bai ce "da gaske" ba, amma bai yi mini sautin da hanci ba kamar da. Mun yi haka sau biyar ko shida. Ina ganin da an ƙara mana lokaci da mun koma inda muke. Ban sani ba.

Ya rasu a lokacin zafi, sa'ad da dabino ke nuna, da safe, a asibiti. An yanke masa ƙafar kwana tara kafin nan. Ina wajen, na fita ɗebo masa ruwa, na dawo na tarar ma'aikaciyar jinya tana gyara masa mayafi. Maza suka kai shi. Mu mata ba ma shiga maƙabarta, don haka har yau ban san daidai inda yake kwance ba, sai dai in na wuce ta jikin katangar in yi sallama.

Bayan kwana kaɗan aka aiko daga wajen mai gona a karɓi iƙamarsa, wato takardar zamansa a ƙasar, da fasfo, don a rufe takardunsa. Na miƙa ba tare da tunani ba. Sai da mutumin ya tafi na tuna ɗan hoton da ke manne a ciki, wanda ya tsuke baki a cikinsa, shi kaɗai ne hotonsa da ke gidan. Na aika a tambaya, aka ce an riga an kai ofis.

Ina cikin takaba Yaya ya zo ya zauna, ya yi mini nasiha mai taushi, ya ce in rabu da akwatin don in sauƙaƙa wa mamaci. Ya ce shi zai ɗauka ya san yadda zai yi da shi, ba sai na gani ba. Na ce, "Yaya, ka bar ni in fita takaba." Da na fita bai sake tambaya ba, ni ma ban tuna masa ba. Na sa aka rubuta wa mai ganguna wasiƙa, na gaya masa rasuwar, na roƙe shi in akwai wani hoton ya taimaka. Amsa ba ta zo ba. Mutumin Alƙahira kuwa ya ci gaba da aiko da ambulan har sau uku, da 'yar takarda yana tambayar ko lafiya ya ji shiru. Ban san yadda zan amsa wa namijin da ban sani ba. Na saka su a akwatin yadda suka zo.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin aka rushe layinmu za a faɗaɗa hanya, muka koma unguwar Ranuna, wani gida mai hawa biyu, mu a sama. A wata na biyu tankin ruwa ya yi yoyo ta rufin ɗakin ajiya, ba mu lura ba sai da wari ya tashi. Ruwa ya shiga akwatin ta wajen murfi ya kwanta a ƙasa. Da na buɗe, kusan rabin hotunan sun manne da juna sun zama kamar tubali.

Mako guda na yi a kansu. Ina sa bakin wuƙa a hankali ina ɓamɓarewa. Wasu suka rabu lafiya. Wasu fuskar wannan ta tafi a bayan wancan, rubutun fensir ɗinsa ya hau kan kwat ɗin wani. Waɗanda suka tsira na hau da su soro na shimfiɗa a inuwar katanga, na danne kowane da ɗan dutse. Duk da haka iska ta ɗauki ɗaya ta ƙetare da shi.

Da la'asar maƙwabciyata ta ƙwanƙwasa ƙofa. Balarabiya ce, ba mu saba ba tukuna, gaisuwa ce kawai a matakala. Tana riƙe da hoton da yatsu biyu, ta ce ta tsince shi a kan shanyarta. Wani saurayi ne siriri, ya ɗaga ƙaho sama, yana kallon gefe yana murmushi. Ta san ni gwauruwa ce. Ta dubi hoton ta dube ni, ta ce, "Marigayin ne, Allah ya ji ƙansa?"

Na karɓa na duba. Na ce mata a'a, ba shi ba ne, wani makaɗi ne da marigayin yake so.

Ta ce Allah sarki. Ta ɗan tsaya kamar tana jiran ƙarin bayani, ni kuma ban san ta inda zan fara ba. Sai na ce ta shigo ta sha shayi. Ta ce ta bar tukunya a wuta, amma gobe in sha Allah. Na rufe ƙofa na koma soro na kwashe sauran kafin a kira magariba.